Kwana biyu a gindin bedi: yadda na haɗa wa motata rediyo da hannuna

Batir ne ya kai ni ga wannan aiki. Sau uku cikin wata guda ina fitowa bayan sallar asuba ranar Lahadi, buhunan da zan kai kasuwar Mai'adua an loda su tun dare, in murɗa makulli, mota ta yi ƙas-ƙas ta yi shiru. Daga Katsina zuwa Daura kaɗai wajen kilomita 80 ne, sannan ka ƙara gaba. Wanda ya tsaya neman masu turi a unguwa da sanyin hunturu, kafin ya isa an ci rabin kasuwa.

Motar Hilux ce ƙirar 2008, mai ƙofa huɗu, a hannu na saye ta. Na canza batir sabo fil, ban tsira ba. Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin layinmu, nan wajen Ƙofar Marusa, tun ina yaro nake ganinshi a kan bencinshi. Da na ba shi labari sai ya ce, "Yaro, batirinka lafiya lau yake. Akwai abin da ke shan shi da dare." Ya ɗauko mitarshi muka je. Ya sa na kashe komai, na zare makulli, na kwance kan batir na nagatif, ya saka mitar tsakanin kan batir ɗin da wayar da na cire. Mota tana kwance amma tana jan kusan rabin amfiya. Ya ce motar da ba ta da matsala bai kamata ta wuce 0.05 ba. Muka riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya, da muka zo kan layin da ke ba rediyo wuta sai lambar ta faɗo ƙasa warwas.

Ga kuma dalili na biyu, wanda ya fi damuna a rai. Mahaifina yakan bi ni Daura wajen 'yan'uwanshi, kuma kunnenshi ya yi nauyi. Mutum ne da labarai ba su wuce shi, tun zamanin da yake rataye da rediyo a kafaɗa. Rediyon da na tarar a motar irin wanda ake cirowa daga motocin Japan ne, tsofaffinsu kuwa FM ɗinsu daga 76 yake farawa ya tsaya a 90, alhali tashoshinmu daga 87.5 suke zuwa 108. Companion FM da ke nan Katsina tana kan 104.5, ko kusa ba ya kai ta. Sifikun ƙofa kuma sun yage, in ka ƙara murya sai ƙarar takarda. Baba zai karkato da kai yana ƙoƙarin ji, can ya ce, "Kashe shi kawai." Wannan kalma tana yi mani ciwo.

Ba na raina masu wayarin mota, akwai ƙwararru sosai a garin nan. Amma wani ne ya yi aikin da ya jawo mani wannan wahala, kuma ban san abin da ya ƙulla a bayan dashbod ba. Na yanke shawarar wannan karon duk wayar da za ta shiga motata sai na san inda ta fito da inda ta nufa.

Kayan a Kano na sayo su, a Sabon Gari, ranar da na kai wani kaya. Rediyo mai Bluetooth da wurin filash, sifiku huɗu masu inci 6.5, da wufa, wato sifikar da ke fitar da sauti mai kauri, siririya mai amfilifaya a jikinta, irin wadda ake turawa ƙarƙashin kujera, domin a-kori-kura ba ta da but da za ka ajiye babban akwati. Dattijon nan ya riga ya ja mani kunne kan abu biyu. Na farko lambar wat da ake rubutawa a kwali. An rubuta 1000 ɓaro-ɓaro a kwalin wufar, amma fiyus ɗin da ke jikinta na amfiya 15 ne. Mota in tana aiki tana ba da bolt 14 da ɗoriya. Ka ninka 15 sau 14, ka samu 210. Iyakar wutar da za ta iya ja ke nan kafin fiyus ya tsinke, ba kuma duka ke zama sauti ba. Haka rediyon, an ce wat 50 sau huɗu, amma abin da yake iya riƙewa a kai a kai bai fi wajen 20 ga kowace sifika ba. Sanin wannan ya hana ni biyan kuɗin lamba.

Na biyu waya. A shagon farko an miƙo mani wata ja mai kauri, mai kyan gani, da araha. Na roƙi mai shagon ya yanko mani ɗan guntu, na kankare silin da wuƙa, sai ga fari a ciki. Alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Alminiyam kuwa wajen kashi 60 cikin ɗari na wutar da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka, ga saurin karyewa da cin tsatsa a bakin haɗi. Na bar ta. Sai a shago na uku na samu ta jan ƙarfe zalla, mai kaurin geji 8, tana da nauyi a hannu, kuɗinta ya kusa ninka na waccan. Na saya ban yi ciniki mai tsawo ba, domin wannan waya ce za ta kwanta a ƙarƙashin kafet inda 'ya'yana ke sa ƙafa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na gyara fakin a gindin bedin ƙofar gida, na shimfiɗa tabarma na jera kaya: sifana mai lamba 10, sukundireba biyu, filaya, tef, samfefa, mitar da na aro, da wani tsohon kwanon sha na zuba noti. Ɗan yayata, wanda ke sakandare, shi ne mai miƙo mani kaya. Kafin komai na cire kan batir na nagatif, na naɗe shi da tsumma na kawar gefe. Nagatif ake fara cirewa saboda duk ƙarfen mota nagatif ne. In ka fara da fozitif sifana ta taɓa jikin mota, tartsatsin da za ka gani ba ƙarami ba ne. Na jira minti biyu kafin in taɓa dashbod, saboda jakar iskan nan da ke fashewa lokacin hatsari tana riƙe wuta na ɗan lokaci. Soket ɗinta rawaya ne a motoci, na nuna wa yaron na ce ko da wasa kada ya kai bakin mita wurin.

Fuskar dashbod maƙale take da 'yan ƙugiyoyi na roba. Na naɗe bakin sukundireba da tsumma na bi gefe-gefe a hankali har ta saki. Noti huɗu ke riƙe da rediyon. Da na jawo shi waje, sai da na yi salati. Toyota tana sa soket biyu a bayan rediyo, mai baki 10 da mai baki 6. Mai shida, wanda ke kai wa sifikun baya, yana nan. Mai goma kuwa, wanda ke ɗauke da wuta da sifikun gaba, an datse shi an yar. Wayoyin an murɗa su da hannu an naɗe da salatif na takarda, zafin Afrilu na shekaru ya narkar da shi ya zama danƙo baƙi. Wata wayar tsirara take, tazararta da ƙarfe bai kai faɗin yatsa ba. A nan na ga ɓarawon batir ɗin da idona. Rediyon mota yana son wuta iri biyu: rawayar waya wadda ke da wuta kullum, don kada ya manta tashoshi da agogo, da jar waya wadda ba ta samun wuta sai an murɗa makulli. Mutumin ya haɗe su biyun ya ɗaura a kan wutar kullum. Fuskar rediyon tana yin duhu in an danna, cikinshi kuwa bai taɓa barci ba.

Da soket ɗin yana nan, da aikin minti talatin ne, ka sayi mahaɗin da ya dace ka soka. Tunda babu, dole na gano kowace waya da kaina, kuma launin wayoyin Toyota daban yake da na sabon rediyo, ba a bin launi a nan. Na ware bakunan, kowace na raba ta da 'yar'uwarta yadda ba za su taɓa juna ba, na mayar da kan batir na ɗan lokaci. Baƙin bakin mita a jikin ƙarfe, ja kuma ina taɓa wayoyin ɗaya-ɗaya. Wadda ta nuna bolt 12.5 makulli yana aljihuna, ita ce ta kullum. Na murɗa makulli mataki ɗaya, wata ta kawo wuta, na kashe ta ɗauke: ta makulli ke nan. Na kunna ƙananan fitilu, wata ta uku ta motsa, ita ce mai rage hasken fuskar rediyo da dare. Kowace na samu sai yaron ya yanko farin tef ya rubuta sunanta da biro ya manna. Na sake cire batir.

Sifiku kuma da batirin tocila na gano su, ƙaramin nan mai bolt 1.5. Ka ɗauki waya biyu cikin waɗanda suka rage ka taɓa su a kai da gindin batirin. In na sifika ɗaya ne za ka ji ɗan "ɗus" daga ƙofa. Yaron yana zagayawa yana kasa kunne. "Kawu, ta hagu ce!" Haka muka bi.

Wajen haɗawa na ƙi murɗawa da hannu. Babu wuta a unguwa ranar, sai dattijon ya aiko mani da ƙarfen dalmarshi na gargajiya, wanda ake turawa cikin garwashi. Uwargida ta ba ni kurfoti da gawayi. Ka zura ɗan bututun roban nan mai tsukewa a wayar tukuna, ka murɗa silin biyu, ka ɗora ƙarfen a ƙasa har wayar kanta ta yi zafi, sannan ka kawo dalma ta narke ta shige cikin silin. In ka narkar da ita a kan ƙarfen ka ɗiga, sama kawai za ta zauna, gargadar hanya ta ɓalle ta. In ta huce ka jawo bututun ya rufe, ka gifta mashi laita ya kama. Haɗi goma sha ɗaya na yi a haka, ƙarfen yana hucewa ina mayarwa wuta, har aka kira la'asar ban kai rabi ba. A gefen sabon rediyo launukan a tsare suke: rawaya wutar kullum, ja ta makulli, baƙa ta jikin ƙarfe, fara sifikar gaba ta hagu, mai ruwan toka gaba ta dama, koriya baya ta hagu, mai ruwan shunayya baya ta dama, kuma a kowane biyu mai ratsin baƙi ita ce nagatif. Shuɗiya mai ratsin fari na ja ta daban na ajiye, ita ce za ta riƙa tada wufa.

Ramin rediyon Toyota ya fi na gama-gari faɗi, wajen milimita 200 ne, sabon kuwa 180. Na san da haka, na sayo 'yan robobin da ke cike gefe. Na ɗaura ƙarafan tsohon a jikin sabon, na soka eriya, na gwada kafin in rufe. Ya kawo. Na murɗa zuwa 104.5, murya ta fito, a yage saboda tsofaffin sifiku, amma ta fito. Na zare makulli ya mutu, na mayar ya tashi a tashar da na bari. Nan muka tsaya, magariba ta yi.

Asabar da sassafe na fara ƙofofi, kuma da na bari rana ta ɗaga. Sanyin hunturu yana sa roba ta yi tauri, ƙugiya biyu suka karye a ƙofar direba. Na tura motar cikin rana na sha koko, sauran ukun suka fita lafiya. Bayan murfin ƙofa akwai leda da aka manna da baƙin danƙo. Mutane da yawa suna yage ta su yar, alhali ita ke hana ruwan damina da ƙura shiga. Na ɗaga ta a hankali iya inda nake buƙata. Ramukan sabuwar sifika ba su dace da na ƙofar ba, sai na kai tsohuwar wajen kafinta ya zana ya yanko mani zobe huɗu na falankin katako, na shafe su da fenti sau biyu don ruwa. Kafin in ɗaure kowace sai na sauke gilashi har ƙasa in tabbatar bai taɓa maganaɗisun bayanta ba.

Wufa ce ta ci mafi yawan ranar. Wutarta daga batir kai tsaye take zuwa, kuma a nan ne mota ke iya kamawa da wuta in an yi ganganci. Fiyus ɗin da ke jikin wufa ita kaɗai yake karewa. Doguwar wayar da ta taso daga batir tana buƙatar nata, kusa da batir, kada ya wuce santimita 45, domin in ta goge a wani wuri ta taɓa ƙarfe, fiyus ɗin ya tsinke kafin ta yi ja. Nawa na sa shi tazarar taƙi ɗaya daga kan batir, na amfiya 30, kuma ban saka ƙwayar a ciki ba sai da aka gama komai. Tsakanin inji da cikin mota akwai bangon ƙarfe, da wata roba mai kauri inda wayoyin kamfani suka ratsa. Na huda gefenta da tsinke, nesa da wayoyin, na ɗaure tawa a jikin wata ƙaramar waya mai tauri, na shafa mata sabulu. Ina turawa daga bonet, yaron yana kwance a ƙarƙashin sitiyari da tocila. Mun fi rabin awa kafin ya ce ya ga kanta. Daga nan na bi da ita ƙarƙashin robar bakin ƙofa, nesa da feda da layin da kujera ke gudu a kai, ina ɗaure ta duk bayan taƙi biyu. Wayar sauti, RCA, na bi da ita ta ɗaya gefen motar tare da shuɗiyar nan, don in suka jeru da ta wuta tana iya kwasar ƙara.

Bayan la'asar na mayar da batir, na saka fiyus, na kunna. Sauti ya fito tsaf, amma kamar babu nauyi a gaba. Na karkatar da shi gefen hagu kaɗai, ya cika. Dama kaɗai, ya cika. Na dawo tsakiya, ya rame. Dattijon da ya zo duba mu ya ce, "Ɗaya tana turawa, ɗaya tana ja. Ka juya waya." Batirin tocila ya faɗa mani wace sifika ce, amma lokacin murfin ƙofa yana rufe, ban ga motsinta ba. Na sake buɗe ƙofar dama na gwada ina kallo: in fozitif ya hau fozitif, takardar sifika waje take bultsowa. Tawa ciki ta shige. Na sauya bakin biyu, nauyin ya dawo.

Sai na tada inji. Wani siririn kuka ya taso daga sifiku, wiii, in na taka totur ya hau, in na saki ya sauka. Jikina ya yi sanyi, domin gobe Lahadi. Na zauna a kan tabarma na bi aikin a kaina daga farko. Kukan da ke bin totur daga altaneta yake, kuma mafi yawan lokaci ta wajen wayar at yake shigowa, wadda ake ɗaurawa a jikin mota. Ta wufa na ɗaure ta ne a ƙarƙashin notin kujera, saboda shi ne kusa kuma yana da ƙarfi. Na kwance na haska. Fenti ne a wurin, mai kauri, wayar ba ta taɓa ƙarfe ba sai ta zaren noti. Bayan sallar magariba na nemi wani wuri a daɓen motar, na leƙa ƙasa na tabbatar babu tankin mai ko bututun birki a bayanshi, na goge da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli kamar sabon kwano, faɗin kwabo. Na rage tsawon wayar ta koma ƙasa da kamu ɗaya, na ɗaure da wosha tamau, na shafa ɗan giris a kai saboda tsatsa. Na tada inji, na taka totur har ƙasa. Shiru, sai ƙarar inji.

Abin da ya rage saiti ne. Maɓallin gen da ke jikin wufa mutane na ɗaukar shi na ƙara murya, su murɗe shi ƙarshe, wata biyu ta ƙone. Aikinshi daidaita ƙarfin abin da rediyo ke aikowa ne. Na mayar da shi ƙasa, na kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu, na riƙa ɗaga gen kaɗan-kaɗan har na ji sautin ya fara dagulewa, na dawo baya. Na sa wufar ta tsaya a sauti masu kauri, wajen hertz 80 a ma'aunin sauti, na kuma rage wa sifikun ƙofa wannan nauyin don su ji da murya. Da karatun Alƙur'ani na yi gwajin ƙarshe, domin muryar mutum ɗaya ba ta ɓoye aibu. In harafi ya dagule za ka ji. Ban ɗaga sosai ba, dare ya yi kuma akwai maƙwabta. Kafin in shiga gida na maimaita gwajin dattijon da mita: 0.03.

Da asuba na murɗa makulli sau ɗaya ta tashi. Na biya na ɗauki Baba, ya zauna gaba da bargonshi da carbi. Mun fita gari, hazo ya rufe hanya, na kunna rediyo a madaidaiciyar murya, na ɗan karkatar da sautin gefenshi. Ban ce mashi komai ba. Ana cikin labarai na lura bai karkato da kai ba, yana jingine yana kallon gaba. Wajen Mashi aka faɗi wata magana kan farashin hatsi, ya juyo ya maimaita mani ita daidai, ya ce, "Ka ji ko? To ka san yadda za ka sayar yau." Da muka shiga Daura na tsaya zan sauke shi, na kai hannu zan kashe, ya riƙe mani hannu ya ce in bari a gama sanarwar rasuwa tukuna, ko akwai wanda ya sani.